Mai Hoto da Taron Gudummawa a Gure

A watan Disamba na shekarar 1852 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanen Barno suka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin Gure, wanda Faransawa suke rubutawa Gouré, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, har ya gana da Muniyoma Koso, sarkin da ya ɗauke gadon sarautar Muniyo daga Bune ya kafa shi a nan gindin duwatsu. Ko da yake a sa'an nan shekara goma sha uku ke nan da bayyanar hikimar ɗaukar hoto a birnin Faris, baƙon bai zo da akwatin hoto ba, alƙalami da takarda kaɗai ya riƙo, saboda haka abin da ya gani na ƙasar Muniyo, da tuddanta na rairayi da tafkunanta na kanwa, da hannu ya zana shi, daga bisani wani gwanin zane a Jamus ya ƙawata zane-zanen tafiyar aka buga su cikin littafinsa. Amma taron fada ran salla, da mabusan algaita, da wanda ya yi kyauta da wanda aka yi wa, duk sun shuɗe, ba abin da ya saura sai abin da baki ya ruwaito.

Na soma da wannan ne domin mai karatu ya san taro ya girmi hoto a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Tun kafin a ji sunan Nasara, Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzayen da suke haɗuwa a kasuwar Gure suna da ta'adodinsu na tara dukiya idan buƙata ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai gayya, wadda ake biyanta da ƙarfin damtse, a yi wa mutum noma ko yaɓe, shi kuwa ya ciyar. Akwai biki, wanda asalin ma'anarsa ita ce abin da mace take kai wa ƙawarta ranar aure ko suna, bisa sharaɗin da ba a furtawa amma kowa ya san shi, cewa ran nata sha'anin za a rama mata har da ƙari. Akwai kuma ajo, inda wanda zai yi aure, ko makaɗin da gangarsa ta fashe, ko wanda wata hasara ta auka wa, zai sa a yi kiɗa a dandali, abokai da masoya su zo su zuba abin da ya sawwaƙa. Dukan waɗannan, in aka yi musu duban basira, rance ne da aka sa masa rigar kyauta, kuma rance ba ya tsayuwa sai da shaida. Shaidarsu a wancan zamani ita ce muryar sanƙira, wanda yake shelanta sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar, da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffin mata, waɗanda ba su san ko alu ba amma ba a taɓa cin su ƙwarya ɗaya a lissafi.

Akwatin hoto ya shigo ne tare da bindigar Faransawa, bayan da suka ci Damagaram a 1899, suka kafa bariki a Gure a farkon ƙarnin da ya biyo. Hafsoshi da 'yan safiyon iyaka su ne suka fara ɗaukar mutanenmu, kuma wanda ya duba irin hotunan nan da aka mayar katin aika gaisuwa zai tarar an rubuta ƙabilar mutum, ko sana'arsa, ko sunan garin, amma sunansa na yanka da ƙyar a same shi, kamar dai wanda yake ƙidayar itatuwa. Ba zan daɗe a nan ba, don hotuna ne da aka ɗauke mu aka kai wa wasu.

Da sana'ar ta dawo hannun baƙar fata, waɗanda galibinsu da farko Yarabawa ne da mutanen Dahome da Togo, sai mas'ala ta taso a zaurukan malamai, domin hadisai ingantattu sun zo da narko mai tsanani a kan masu sawwara sura. Fuƙaha'un Malikiyya dai tun da can sun rarrabe tsakanin sura mai jiki wadda take da inuwa, wadda suka haramta, da zanen da yake shimfiɗe a kan tufa ko takarda, wanda ba su kai shi ga haramci ba. Wani Muftin Masar kuma, Shaihu Muhammadu Bakhit, ya wallafa risala yana kafa hujja da cewa mai hoto bai ƙagi komai ba, inuwar da Allah ya halitta ce ya tsare, kamar yadda madubi yake yi, illa dai madubi yana sakinta. Wasu suka karɓa, wasu suka yi tawakkufi, har yau ma akwai dattawan da suke kau da kai in an ɗaga akwati. Sai dai abin da ya yanke gardamar a aikace ba fatawa ba ce, larura ce: katin ɗan ƙasa, da takardar jarrabawar lakwal, da fasfon hajji, babu wanda ake bayarwa sai da hoto, kuma malamin da ya yi niyyar ziyarar Ɗakin Allah tilas ya zauna a kan benci ya cire rawani daga goshinsa.

Wanda bai ga wannan akwati na farko ba ya yi hasarar kallo. Na katako ne, a kan ƙafa uku, ana girka shi a inuwar bedi kusa da ofishin hukuma ko bakin kasuwa, a rataya baƙin ƙyalle a jikin bango. Mai hoto zai gyara wa mutum haɓa, ya ce, “Malam, a tsaya cak, kar a ƙifta,” sa'an nan ya zare murfin idon akwatin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Daga nan ya zura hannu ta wani baƙin hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, yana laluben ƙananan kwanonin magani da suke ciki, ido ɗaya a kan wata 'yar kafa. Takardar farko in ta fito, sai ka ga baƙauye ya ja da baya yana a'uziyya, don fuskarsa ta fito fara fat, farar rigarsa kuwa baƙa wuluk. Sai an manna wannan a wani ɗan allo gaban akwatin an sake ɗaukarta, a ɗauraye a bokiti, a shanya, kana mutum ya ga kansa yadda uwarsa ta san shi. Irin wannan akwati ba ya iya bin taro, sai dai taro ya zo gabansa ya daskare, shi ya sa hotunan wancan lokaci kowa a ƙame yake kamar an kira shi gaban alƙali.

Zamanin da mai hoto ya shiga tsakiyar fili sosai shi ne zamanin samariya. A farkon shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Gure zuwa Gigimi da taimakon Kanada, motoci suka yawaita, ƙananan akwatunan rataye masu walƙiya suka iso hannun samarin gari. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, a ƙarshen babban fari, sai ya raya tsohuwar ƙungiyar samari ta gargajiya ya mai da ita hannun hukuma, kowace unguwa da sarkin samarinta, suna buga tubali, suna gina azuzuwa, suna dashen itace, suna sharar gari. A 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, a 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, kuma kafin 'yan wasan wani gari su kai can sai sun yi fice a gida, sai an ɗinka musu anko, an sayi fatar ganga, an tanadi guzuri. Kuɗin nan kuwa daga ina? Daga ajo, wanda ya sake suna ya koma wasan samariya, a kewaye fili da zana, a sa mai karɓar kuɗin ƙofa, a gayyato attajirai da ma'aikata. Gaskiya ita ce ba kowace gudummawa ta wancan zamani aka bayar da daɗin rai ba, domin wanda aka aika wa takardar gayyata da hatimin hukuma ya san ba shawara ake nema gare shi ba. Amma azuzuwan an gina su, yara kuma sun yi karatu a ciki.

Ga yadda daren yake a idon mai hoto. Bayan lisha an kunna fitilun gas, an jera kujeru ga manya, tabarmi ga sauran jama'a, yara sun dare katanga. Shi yana tsugune gefen makaɗa, fim ɗinsa ɗauka talatin da shida ne ba ƙari, kowace ɗauka kuwa kuɗi ce da ya riga ya biya. Sanƙira ya ɗaga murya, “Alhaji wane, jaka biyu! Allah ya ƙara arziki!” Alhaji ya taso yana gyara hannun babbar riga, ba ya sauri, don ya san ana jiransa, kuma a daidai lokacin da takardar kuɗin ta taɓa goshin makaɗi, kafin gumi ya sake ta ta faɗi, a nan walƙiya take tashi. In ya yi gaggawa ya sami hannu a aljihu, in ya yi jinkiri ya sami ƙeya. Bayan mako guda hoton yana rataye a shagon Alhaji, ko cikin kabad ɗin uwargida tsakanin kwanonin jere, yana faɗin abin da sanƙira ya faɗa dare ɗaya, amma shi kullum. Malamai sun yi ta wa'azi cewa wannan riya ce, sadaka a ɓoye ta fi lada, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni dai a ganina abin da ake zubawa a ajo ya fi kusa da babin bashi bisa ga babin sadaka, ayar bashi kuwa, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ta yi da a rubuta a kuma kafa shaidu. Mutanen da ba su riƙe alƙalami ba sun sami marubuci a wurin mai hoto.

Sai dai shaida ne mai son zuciya, kuma wajibi ne mai neman tarihi ya san haka. Ba ya ɓata fim a kan wanda ya ba da dala biyar, don ya san ba zai zo ya fanshi hoton ba. Wanda ya kwana yana kwaɓa ƙasa, da yarinyar da ta yini tana jido daga rijiya, da makaɗin da yake can baya yana riƙe da amo, in sun fito to a gefe ne, rabin fuska, bisa kuskure. Bikin mata na cikin gida, inda mafi yawan dukiyar gudummawa take zagayawa, ƙofarsa a rufe take ga namiji baligi, sai dai ya aika yaronsa. Malam Mamman Barka, malamin makarantar nan ɗan Taskar, wadda a da take ƙarƙashin Gure, wanda ya yi suna da gurmi, daga baya ya koyi kiɗan biram na Buduma ya kai shi har Turai, ya rasu a 2018 ya bar hotuna ba iyaka. Makaɗan da suka raya dandali kafin shi da tare da shi, da yawansu ko ɗaya ba a ɗauke su su kaɗai ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Hoto mai kala ya zo, wanda ba a iya wanke shi a bokiti, sai a ba direba fim ya kai babban gari, a zauna jiran dawowarsa da addu'ar kada rana ta dafa shi a hanya. Da Najeriya ta rufe iyakarta a 1984, shekarar yunwar da aka laƙaba wa El Buhari, kayan da suke shigowa ta Nguru da Kano suka yi wuya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin fim da takarda ya ninka. Daga ƙarshe wayar salula ta sa akwati a aljihun kowa, har ya zama a taron yau masu ɗauka sun fi masu liƙi yawa, hotunan kuwa suna tafiya da wayar ran da ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

A Bamako, Seydou Keita da Malick Sidibe sun adana finafinansu a kwalaye, shi ya sa duniya ta san su, har aka ba Sidibe babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. A Yamai ma an tsamo ayyukan Philippe Koudjina. Namu hotunan na ƙasar Muniyo suna cikin adaka da ƙarƙashin katifa, gara da zafi da yoyon damina suna cin rabonsu, kuma mafi yawansu bayansu fari ne, ba suna ba shekara, wato mun yi wa iyayenmu abin da muka zargi Nasara da yi musu. Ya kai ɗan'uwa mai karatu, in akwai irin wannan hoto a gidanku, ka ɗauke shi yau ka kai wa gwaggo ko baba tun suna gani, ka tambaye su wane ne wannan, wace ce waccan ta gefe mai tulu, ajon wa aka yi, a wace unguwa, shekarar wane abu, ka rubuta a bayansa da fensir, don tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska.