Tarihin Sanya Akwatin Ƙarfe A Murhun Jin Ɗumi

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Jos. Ya ce ya tare a wani tsohon gida irin na Turawan haƙar kuza, ya tarar da murhu a jikin bangon falo, da bututun hayaƙi har saman rufi. Ya hura itace da hunturu, amma ɗakin bai yi ɗumi ba. Yana so a ba shi tarihin yadda Turawa suka shawo kan wannan matsala.

To Malam, ba kai ka fara kuka da wannan murhu ba. Buɗaɗɗen murhu irin naka mayaudari ne: gabanka ya gasu, bayanka na karkarwa. Dalili kuwa shi ne iska mai zafi sama take yi, sai ta bi bututu ta fice, ta kuma jawo iska mai sanyi ta ƙofa da taga. Zafin da ke tsayawa a ɗaki bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Wanda ya yi suna wajen neman magani shi ne Benjamin Franklin na birnin Filadelfiya, mutumin nan da hotonsa ke jikin takardar dala 100 ta Amurka. A zamaninsa itace ya fara tsada, don an sare dazuzzukan kusa da gari, sai an yi nisa kafin a samo. Wajen shekara ta 1742 ya tsara wani akwatin ƙarfe da za a zaunar a cikin murhun da ake da shi, ba sai an rushe bango ba. A bayan wutar ya sa wani ɗan ɗaki na ƙarfe, iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta ɗumama, ta fito cikin falo. Abokinsa Robert Grace ne ya riƙa ƙerawa yana sayarwa, a 1744 kuma Franklin ya buga ɗan littafi na bayaninsa. Gwamnan Pensilbaniya ya yi masa tayin takardar mallaka, watau kowa ya ƙera sai da izininsa, ya ce a'a, a bar wa jama'a. Ni dai wannan hali ya fi burge ni a kan akwatin kansa.

Don kuwa akwatin bai yi kasuwa ba. Franklin ya tilasta wa hayaƙi ya gangara ƙasa kafin ya hau bututu, wai don ya bar zafinsa a jikin ƙarfe. Shi kuwa hayaƙi, in ya huce, ba ya hawa. Sai ya juyo cikin ɗaki. Daga baya wasu, ciki har da David Rittenhouse, suka gyara hanyar hayaƙin, amma sunan Franklin ne ya bi murhun.

Daga nan sai mu ƙetara zuwa Landan. Benjamin Thompson haifaffen Amurka ne, amma da yaƙin neman 'yanci ya tashi ya goyi bayan Ingila, ya bar ƙasar, daga baya ya sami sarautar Count Rumford a Bavariya ta ƙasar Jamus. Shi bai kawo ƙarfe ba, bulo ya ƙara. A 1796 ya bayyana dabararsa: a rage zurfin murhu, a karkata gefunansa su fuskanci ɗaki, a matse maƙogwaron bututu ya dawo kamar inci 4. Da haka aka gyara ɗaruruwan murahu a Landan, hayaƙi ya ragu, ɗumi ya ƙaru.

Da gawayin kwal da gas da mai suka samu, aka yi watsi da itace. Sai a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashin ganga ya tashi daga kamar dala 3 zuwa kusan 12. Nan fa jama'a suka koma tura akwatunan ƙarfe masu ƙofa cikin tsofaffin murahu. Da yawa turawa kawai suka yi, ba su haɗa bakin akwatin da bututu ba. Hayaƙi ya riƙa hucewa a cikin faffaɗan bututun, yana barin wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Ran da ya kama wuta, sai gobara daga sama. Maganin da aka tsaya a kai shi ne zura bututun ƙarfe marar tsatsa tun daga akwatin har sama. A 1988 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyaka ga yawan hayaƙin da sabbin murahun itace za su fitar. Na zamani sukan tsare wajen kashi 70 cikin 100 na zafin.

Saboda haka Malam, kafin ka kira maƙeri, fara kiran magini ya hau ya leƙa bututun nan. Gidan da ya daɗe, ba a rasa tsaga ko sheƙar tsuntsu a ciki. Ka yi amfani da busasshen itace, kada kuma ka toshe ɗaki ruf ka kwanta da garwashi, don akwai iska mai guba da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Da fatan ka gamsu.