Daga Tsakiya Zuwa Daimon: Yadda Dutse Ya Hau Zoben Baiko

A Kance, ranar da dangin ango suka kawo kayan sa rana, abin da gwaggonnin amarya ke dubawa shi ne goro da alawa da kuɗin da aka ɗora a kai. Zobe ba ya cikin lissafi. Sai ga shi yanzu ƴan mata na miƙa wa juna waya ana kallon zobban baiko na daimon: wannan dutsen zagayayye ne, wancan mai kusurwa huɗu, ga mai siffar ƙwai, ga mai kama da ɗigon hawaye.

Ko a Turai ma al'adar ba ta daɗe da zama ta kowa ba. Akan fara labarinta daga 1477, lokacin da Yarima Maksimiliyan na Ostiriya ya ba Mariya ta Burgandi zoben daimon, amma wannan harkar gidan sarauta ce. Talaka bai san ana yi ba sai da aka gano dutsen a Afirka ta Kudu a 1867, aka kafa kamfanin De Beers a 1888. Zagayayyen nan mai fuska 58, wanda ya fi kowane walƙiya, lissafin Marcel Tolkowsky ne, ɗan gidan masu yankan daimon a birnin Antwerp, a 1919. Tallan da De Beers ya baza a Amurka daga 1947 shi ya ƙarasa aikin, har saurayi ya koma jin kunyar neman aure ba dutse a hannu.

Mu ma fa ba baƙin dutse ba ne, kuma wannan ɓangaren ya fi taɓa ni. Kance na kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Daura da Kano, kuma ayarin da ke ratso hamada ya daɗe yana sauke murjani da aƙiƙ a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata sun san tsakiya, doguwar nan mai santsi da ake zurawa a zare a rataya a wuya, sun san talhatana mai kan zobe da gindin mashi. A Kambay ta ƙasar Indiya aka fara gyara irin waɗannan duwatsu. A ƙarni na 19 masu sana'ar garin Idar-Oberstein na Jamus suka karɓe kasuwar, suna sassaƙa aƙiƙ daidai da siffar da matan Sahel ke so. Wato a lokacin mu ke faɗin siffa, Bature ya bi. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adakar kakarsa ya ga tsakiya guda ƙulle a bakin tsumma, ramin zarenta ya side saboda daɗewa a wuya, ya san darajar da ake ba ta.

Azurfa kuwa, kuɗin Mariya Tareza masu tambarin 1780 maƙeran fari ke narkarwa su fitar da warwaro da zobe. Namiji a azurfa ya tsaya, tunda addini ya hana shi zinariya. Mace ta wuce gaba, musamman da hanyar Makka da Dubai ta buɗe, sarƙar zinariya ta shige akwatin lefe.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Turai. Mace a ƙasar Hausa ba don ado kaɗai take riƙe zinariya ba; ajiya ce, ita za ta fitar ranar rashin lafiya, ko shekarar da damina ta yi gardama, ko auren ɗiya. Shi ya sa tambayar iyaye mata ba ta sauya ba: giram nawa ne? Daimon ba ya amsa wannan tambaya, domin a kasuwanninmu da wuya a sami mai sayensa daga hannun mace, kuma yawancin abin da ke ƙyalli a kan zobban shaguna gilashi ne ko dutsen masana'anta. Kai irin wannan zobe wurin mai sayen zinariya a Damagaram ko Sabon Garin Kano ka gani. Kafin ya ɗora a sikeli, zai sa ɗan hantsaki ya ɓanɓare dutsen, zagayayye ne ko mai kusurwa, ya miƙo maka shi a tafin hannu.