Cin nama da filayen noma a duniya

A shekarar 1960 mutanen duniya ba su wuce biliyan uku ba. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai biliyan takwas. Sai dai ba yawan bakunan da za a ciyar ne kaɗai ke nuna girman filin noman da ake bukata ba, har ma da irin abincin da ake zubawa a akushi.

Abin da aka lura da shi a ƙasashe da dama shi ne, da zarar jama'a sun samu abin hannu suka koma birane, sai su rage cin tsabar hatsi da rogo, su ƙara nama da ƙwai da madara da mai. A 1961 naman da aka samar a duniya kimanin tan miliyan 71 ne, amma yanzu ya haura tan miliyan 350 a shekara.

Dalilin da ya sa nama ke cin fili a bayyane yake. Dabba tana ƙona mafi yawan abin da ta ci ne wajen numfashi da zirga-zirga da ɗumama jikinta, kaɗan ne ke zama tsoka. Wani bincike da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa gram 100 na sinadarin gina jiki daga naman shanu na bukatar fili kusan murabba'in mita 164, alhali na kaza bai wuce bakwai ba. Alƙaluman da aka gina kan wannan bincike sun nuna cewa kiwo da noman abincin dabbobi sun cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na filayen noma da kiwo na duniya, amma ba su ba da ko da kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin da ɗan Adam ke samu daga abinci.

Ƙasar Sin ce babban misali. Har zuwa tsakiyar shekarun 1990 tana noma waken soyan da ke isarta. Da cin naman alade da kaji ya ƙaru, sai ta shiga sayowa daga waje, har ta kai kimanin tan miliyan 100 a 2020, akasari domin ciyar da dabbobi. Mafi yawansa daga Brazil yake fitowa, inda aka share manyan dazuzzukan yankin Cerrado da jihar Mato Grosso aka mai da su gonaki. Ke nan sauyin cima a Shanghai ya kan sa a sare itatuwa a wata nahiyar.

To amma akwai inda wannan lissafi ke bukatar taka-tsantsan. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan filaye makiyaya ce, kuma da yawa daga cikinsu ba sa nomuwa. A arewacin Nijar, alal misali, ruwan sama ba ya isar gero, don haka raƙumi da akuya da saniyar makiyayi ne ke mai da ciyawa da ƙaya su zama nono da nama. Inda ake gogayya ta gaske da cikin ɗan Adam shi ne gidajen kiwon zamani, waɗanda ke ciyar da dabbobinsu masara da waken soya da aka noma a ƙasa mai kyau.