Kasuwar Bindigogin Yaƙi na Kwaikwayo

Bindigogin kwaikwayo su ne waɗanda ake ƙerawa a yau bisa samfurin na sojojin dā, galibi masu ɗuri ta baki da albarushi. Masu saye a Amurka suka fi yawa, amma galibin maƙeran na Italiya ne, kuma buƙata ce ta haɗa su. Da Yaƙin Basasar Amurka ya doshi cika shekara ɗari a 1961, masu sha'awar harbi da sake nuna fagen daga suka ƙaru, bindigogin asali suka yi tsada, ga shi kowane harbi yana ƙara cinye su. Val Forgett, wanda ya kafa Navy Arms a 1956, sai ya nufi Gardone Val Trompia a lardin Brescia na Italiya, garin da ya yi ƙarnoni yana ƙera makamai, don neman maƙera. A can Aldo Uberti ya buɗe kamfaninsa a 1959, ya fara da ƙaramar bindigar Colt samfurin 1851. Kamfanonin Pedersoli da Pietta su ma suka shigo, kuma daga 1972 Parker-Hale na Birmingham a Ingila ya soma sake ƙera bindigogin Enfield. Dokar bindiga ta Amurka ta 1968 ta ƙara wa cinikin wuta, domin ta ware masu ɗuri ta baki daga yawancin sharuɗɗan da ta ɗora wa na zamani.

Masu tara kayan tarihi sun daɗe suna ƙorafin cewa wannan ciniki ƙofa ce ta jabu. Ƙorafin yana da tushe: akwai masu kankare rubutun maƙeri, su dafa ƙarfen ya yi tsatsa, su sayar wa wanda bai sani ba a matsayin ta yaƙi. Sai dai kowace bindigar da ta fito daga Italiya tana ɗauke da hatimin gidan gwaji na Gardone da alamar shekarar ƙira, kuma ko an goge su, zaren sukurori da irin ƙarfen kan tona asiri a hannun gwani. Abin da masu ƙorafin ba su cika lissafawa ba shi ne dubban bindigogin asali da suka tsira a gidajen tarihi, saboda mai son jin ƙara da warin albarushi ya samu ta kwaikwayo mai araha da zai ɗura ya harba, ya bar tsohuwar a cikin gilashi.