Masu Ɗaukar Gawa da Mai Riƙe da Alƙalami: Annobar Shawara a Birnin Filadalfiya, 1793

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani al'amari da ya auku a birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka cikin shekarar 1793, watau annobar zazzaɓin shawara, da aikin da baƙar fatar garin suka yi a cikinta, da kuma gardamar da ta biyo baya a rubuce. Bayanin cutar kanta aikin likitoci ne, za mu taɓa shi ne kawai gwargwadon bukata. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda jama'ar gari ke riƙe kansu sa'ad da manyansu suka gudu, da kuma wanda ke samun ikon faɗin abin da ya faru bayan ƙura ta lafa.

A wancan zamani Filadalfiya ita ce hedkwatar Amurka, domin nan gwamnati ta zauna daga 1790 har zuwa 1800 da aka koma birnin Washinton. Mutanenta sun kai kimanin 50,000, galibinsu a cunkushe kusa da bakin kogin Delawa inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Babu famfo, sai rijiyoyi da gangunan katako da ake tarar ruwan sama a bayan gidaje. Cikin wannan jama'a akwai baƙar fata 'yantattu kimanin 2,000, saboda jihar Fensilbaniya ta kafa dokar kashe bauta sannu a hankali tun 1780. Yawancinsu 'yan ƙodago ne da barori da masu wanki, kuma 'yancin nasu bai hana a nuna musu iyakarsu ba, ko da a wurin ibada.

Biyu daga cikinsu suka fi fice. Absalom Jones, wanda aka haifa a 1746, ya fara fansar matarsa tukuna domin 'ya'yansu su tashi 'yantattu, shi kuwa bai kuɓuta ba sai 1784. Richard Allen, haifaffen 1760, ubangijinsa ya bar shi ya yi aikin kansa yana biya har ya fanshi kansa, abin da ya yi kama da murgu a ƙasar Hausa ta dā. A watan Afrilu 1787 suka kafa Ƙungiyar 'Yantattun Afirka. Kowane ɗan ƙungiya yakan zuba sule ɗaya a wata, in ya shekara yana zubi sa'an nan wata larura ta same shi, sai a riƙa ba shi sule uku da kwabo tara a mako. Ana kula da matan mamata da marayunsu, ba a kuwa karɓar mashayi. Daga baya Allen ya ja jiki daga ƙungiyar saboda saɓanin aƙida, amma bai raba hanya da Jones ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda a nan: mutane ne da suka saba da littafin lissafi, kwabo ba ya shiga ko ya fita sai an rubuta.

Sun kuma ɗaura niyyar gina majami'ar kansu, bayan da aka taɓa fizge Jones daga durƙuso yana cikin addu'a a majami'ar Sen Joj, wai ya zauna inda ba na baƙar fata ba. (Masana tarihi sun saɓa kan shekarar, wasu sun ce 1787, wasu 1792.) Ranar 22 ga Agusta 1793 aka yi walimar ɗora rufin ginin a bayan gari. Turawa kamar 100, magina da masu taimako, suka zauna baƙar fata suka raba musu abinci. Da suka ƙare sai baƙar fata kamar 50 suka zauna, wasu manyan Turawa suka tashi suka yi musu hidima. Cikin mahalarta akwai Likita Benjamin Rush, ɗaya daga waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776. Kwana uku kafin wannan walima, shi Rush ɗin ya riga ya sanar da cewa zazzaɓin da ke kashe mutane a unguwar bakin ruwa shawara ce.

Gudun manya

Rush ya ɗora laifin a kan wani tulin gahawa da ya ruɓe a tashar jiragen ruwa yana wari. Wasu likitoci kuwa suka ce baƙi ne suka kawo ta, watau 'yan gudun hijira kimanin 2,000 da suka iso daga tsibirin da yanzu ake kira Haiti, inda bayi suka yi wa Faransawa tawaye. Waɗannan na biyu sun fi kusa da gaskiya, ko da yake ba su san hanyar ba. Sauro ne ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum, kuma irin wannan sauro a ruwan da aka tara cikin ganga yake ƙyanƙyasa. Ba a tabbatar da haka ba sai da Likita Carlos Finlay na Kuba ya faɗa a 1881, ayarin Walter Reed ya gwada a 1900.

Da mutuwa ta yi yawa sai gari ya watse. An ƙiyasta mutum 20,000 sun fice, har da Shugaba Joj Washinton wanda ya tashi ranar 10 ga Satumba. Waɗanda suka rage suka daina musafaha, suna tafiya ta tsakiyar titi don kada su kusanci ƙofar gidan majinyaci. Wani ya rataya kafur a wuya, wani yana taunar tafarnuwa, wani yana shaƙar igiyar da aka shafa wa kwalta, har mata da yara suna busa taba. Aka riƙa ƙona albarushi wai don a tsarkake iska, aka hana kaɗa ƙararrawar jana'iza saboda tana karya zukata. Abin da ya fi muni shi ne miji ya tsere ya bar matarsa, ɗa ya bar ubansa, gawa ta kwana biyu a ɗaki ba mai taɓa ta.

Magajin gari Matthew Clarkson bai gudu ba. Ya tara wani kwamiti na 'yan kasuwa da masu sana'a, biyu daga cikinsu, watau attajiri Stephen Girard haifaffen Faransa da Peter Helm mai haɗa ganguna, suka ɗauki nauyin asibitin wucin gadi da aka buɗe a wani katafaren gida mai suna Bush Hill. Waɗannan sun sami yabonsu tun a lokacin, kuma sun cancanta.

Roƙon da aka yi wa baƙar fata

A farkon Satumba Rush ya nemi Allen da Jones su kawo mutanensu, yana mai tabbatar musu cewa shawara ba ta kama baƙar fata. Ya samo wannan ne daga rubutun wani likita, John Lining, game da annobar birnin Calston ta 1748. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma ba a launin fata take ba: duk wanda ya taɓa yin cutar ya tashi, ba ta sake kama shi, kuma da yawa cikin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma sun yi ta tun suna yara. (Ba mamaki da ƙwayar da aka sarrafa allurar rigakafi da ita a 1937 daga jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi aka samo ta, a 1927.) Baƙar fatar Filadalfiya kuwa mafi yawansu a Amurka aka haife su, ba su da wannan garkuwa.

Suka amsa. Gida na farko da suka shiga, sun tarar da maigida yana gargarar mutuwa, matarsa ta riga ta cika, ba kowa sai ƙananan yara biyu. Daga nan suka raba aiki: Jones ya riƙa tura masu jinya gida-gida, Allen da wani abokinsu William Gray suka kama ɗaukar gawa da binnewa. Da likitoci suka yi ƙaranci, Rush ya koya musu maganinsa, watau tsaga jijiya a zubar da jini mai yawa, da ɗura wa majinyaci garin da aka haɗa da zaiba don ya wanke ciki. Su da kansu sun ce sun tsaga mutum fiye da 800. Dole a faɗi gaskiya a nan: wannan magani ya fi kusa da cutarwa bisa ga warkarwa, kuma Likita Jean Devèze na Bush Hill, wanda ya tsaya ga tsabta da ruwan sha da hutu, ya fi Rush dacewa. Amma ba wanda zai ce Rush ya yi ne don rashin kula, domin 'yar'uwarsa da almajiransa uku sun mutu a annobar, shi ma ya kwanta.

Ba a daɗe ba maganar garkuwa ta ƙaryata kanta. Allen ya kamu, da ƙyar ya tashi. An ƙiyasta baƙar fata kimanin 240 sun mutu. Duk da haka ba su janye ba, har ranar 11 ga Oktoba da aka binne mutum 119 a yini guda, har sanyin ƙarshen wata ya sauko ya kashe sauro. Jimillar mamata ta kai kimanin 5,000, watau mutum ɗaya cikin goma.

Alƙalamin Carey da amsar da aka ba shi

Tun mutane ba su gama komowa ba, a tsakiyar Nuwamba, wani mai maɗaba'a haifaffen Ailan, Mathew Carey, ya fitar da ɗan littafi mai ba da tarihin annobar, har da jerin sunayen mamata. Ya yi kasuwa ƙwarai, aka buga shi sau huɗu cikin wata biyu. A ciki ya yabi Jones da Allen da Gray da sunayensu, sa'an nan ya juya ya ce wasu ƙasƙantattun baƙar fata sun tsawwala kuɗin jinya har dala biyar a dare, an kuma kama wasu suna wawushe gidajen majinyata. Shi kuwa Carey, ko da yake an sa shi cikin kwamitin magajin gari, ya bar garin na wani lokaci ana tsakiyar bala'in.

A ganina dabarar da ke cikin wannan rubutu ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. An ware mutum uku an yabe su, sauran kuma an bar su ba suna, saboda haka zargin ya hau kan kowace mace baƙa da ta taɓa shiga ɗakin majinyaci, kuma gobe ita ce za ta je neman aikin wanki a gidan wanda ya karanta littafin. Jones da Allen sun gane haka, suka ƙi karɓar yabon da aka saya da mutuncin jama'arsu. A watan Janairu 1794 suka buga nasu littafin, suka kuma yi masa rajistar haƙƙin mallaka ranar 23 ga watan, abin da ake ɗauka shi ne karo na farko da baƙar fata suka yi haka a Amurka.

Ba su musa cewa an sami ɓarayi cikin baƙar fata ba. Sun ce an samu, kamar yadda aka samu cikin Turawa, suka kawo misalai. Game da tsadar jinya kuwa, sun bayyana cewa iyalan majinyata ne ke yi wa juna ƙari: a aiki mai jinya wani gida, a tare ta a hanya a ninka mata kuɗi, kuma magajin gari ya bincika ya tarar haka ne. Sa'an nan suka buɗe littafin lissafi. Abin da suka karɓa na binne gawa da sauran hidima fam 233 da sule 10 da kwabo 4. Abin da suka kashe: akwatunan gawa fam 33, ladan ma'aikata biyar, uku kwana 70 kowanne, biyu kwana 63 kowanne, a kan sule 22 da sisi a yini, fam 378. Jimilla fam 411. Asararsu ke nan fam 177 da sule 9 da kwabo 8, ban da bashin fam 110 da ba su sa ran samu. Mai karatu na iya bin lissafin da kansa, zai ga ya fita daidai. Da yake a kuɗin Fensilbaniya dala ɗaya sule bakwai da sisi ce, wannan lada dala uku ke nan a yini, watau su ma da suke shugabanni sai da suka biya farashin da tsoro ya yanka kafin su sami mai taɓa gawa.

Amma sashen da ya fi daraja ga mai nazarin tarihi shi ne inda suka yi abin da Carey bai yi ba, suka ambaci talakawa da sunayensu. Akwai Sampson, wanda ya riƙa bin gidaje yana jinya ba ya karɓar ko kwabo, cutar ta kashe shi, waɗanda ya yi wa hidima kuma ba su waiwayi iyalinsa ba. Akwai Mary Scott da ba ta nemi fiye da rabin dala a yini ba. Akwai Caesar Cranchal da ya ƙi karɓar lada sam. Akwai Sarah Bass, wadda mijinta ya rasu, ta yi wa gidaje da dama jinya ba ta yanka farashi ba, sai abin da aka miƙa mata. Ba don wannan ɗan littafi ba, da ba wanda zai san an yi su. Suka haɗa da takardar shaida daga magajin gari Clarkson, suka rufe da kira ga masu riƙe da bayi, suna tambayarsu yadda za a danne mutum a jahilci sa'an nan a zarge shi da rashin wayewa. Carey ya mayar da martani a 1794 yana kare kansa, kuma littafinsa ne ya ci gaba da yawo a hannun jama'a shekara da shekaru.

Ginin da annoba ta tsayar an kammala shi, aka buɗe majami'ar Sen Tomas ranar 17 ga Yuli 1794, Jones ya zama shugabanta. Kwana goma sha biyu bayan haka Allen ya buɗe tasa, mai suna Betel, a cikin wata tsohuwar maƙera da aka jawo da dawaki aka dasa a filin da ya saya. Shawara ta komo garin a 1797 da 1798, abin da ya tilasta wa hukuma jawo ruwan famfo a 1801. A wannan shekara ce kuma Allen, bayan rasuwar matarsa ta fari, ya auri Sarah Bass.