'Yan gudun hijira da aikin ƙarfi a Ƙaura Namoda

'Yan gudun hijirar arewacin Zamfara mutanen karkara ne da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda. Galibinsu manoma ne, gona kuwa ba ta ɗaukuwa a ka. Sukan shigo gari babu jari babu takardar makaranta, sai dako, ga-ruwa da ƙodago. Mata kan yi wankau da surfe a gidaje, wani lokaci ladan kwanon tsaba ne kawai.

A wasu ƙasashe izinin aiki ne matsalar 'yan gudun hijira: Siriyawa a Turkiyya sai 2016 aka fara ba su shi. A Ƙaura Namoda kuwa aikin albashin ne babu. Rufe kasuwannin mako a Zamfara a 2021 ya ƙara tsuke wa 'yan gudun hijirar hanyar abinci.