Bargar Lifitsa da Kogon Fostoina

A ƙasar Sulobeniya, daf da iyakar Italiya, akwai wani ƙauye wai shi Lifitsa, inda aka fi shekara ɗari huɗu ana kiwon dawaki iri guda. Cikin shekarar 1580 ne wani ɗan gidan sarautar Ostiriya mai suna Cals ya sayi wurin daga hannun Bishop na Tiriyasta, ya sa aka kawo ingarmu daga Sifen aka haɗa su da goɗiyoyin ƙasar. Daga baya aka ƙara da jinin dokin Larabawa. Abin mamaki, ɗan dukushin baƙi ko ja ake haihuwarsa, sai ya yi shekara shida zuwa goma sa'an nan ya rikiɗe ya zama kili.

Dawakin nan kuwa sun sha gudun hijira. Sau uku aka tsere da su Hangare don tsoron Nafoliyon, na ƙarshe a 1809, ba su komo ba sai 1815. A 1943 Jamusawa suka kwashe su zuwa Cekosulobakiya, sojan Amurka suka kuɓutar da su a 1945. Da Lifitsa ta koma hannun Yugosilabiya a 1947, guda 11 tak aka mayar mata. Ni da aikina riƙon littafi ne, ina ganin alƙalami ya taimaki irin nan ƙwarai, gama kowane ingarma ana rubuta shi da sunan zuriyar ubansa haɗe da na uwarsa, ko ina yaƙi ya jefa shi an san asalinsa.

Ƙasar wurin duk dutsen farar ƙasa ce. Ruwan sama yakan ci shi sannu sannu har ya huda, kogi ya nutse ya bar koguna a ƙarƙashi. Wanda ya fi suna shi ne na Fostoina, tsawonsa wajen mil 15. A 1818, ana shirin zuwan Sarkin Ostiriya, wani mai kunna fitilu, Luka Cec, ya hau wani dutse ya gano ɗakunan da ke can ciki. A 1872 aka shimfiɗa dogo don baƙi, yau ma a ɗan jirgi ake shiga. Baƙo ya riƙi bargo, don sanyin ciki ba ya sauyawa rani da damina. Cikin ruwan akwai wata farar halitta makauniya, mai kama da ƙadangare, wadda takan yi shekaru ba ta ci kome ba.